Batir ɗina ya daina riƙe caji tunda na koma Linux: wa zai taya mu aunawa?

Sadiya Zariya
Assalamu alaikum 'yan gida. Sati uku ke nan da na sauke Windows na ɗora Linux Mint a kwamfutata. Komai lafiya lau, ta ma fi sauri, amma batir ya zame min matsala. Da ina yin kusan awa huɗu, yanzu awa biyu da rabi ta mutu. Ga shi unguwarmu sai ƙarfe sha ɗayan dare ake kawo wuta, in ma an kawo, ni kuma rubutun furojet ya taso ni gaba. Akwai abin yi, ko in koma inda na fito?

Nura
Wa'alaikumus salam. Ki sa TLP kawai, manhajar nan ta tattalin batir, ki kashe ki kunna. An gama.

Malam Habu
Nura, dakata. Kullum amsarka ke nan, kamar mai maganin gargajiya da ƙulli ɗaya yake ba kowa, mai ciwon kai da mai ciwon ciki. Sadiya, kafin ki sa komai ki fara aunawa. Cire caja, buɗe taminal, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta `upower -d`. Ki kawo mana layuka uku: energy-full, energy-full-design, da energy-rate.

Sadiya Zariya
To Malam, ga su. Na farkon 31, na biyun 48, na ukun kuma yana ta canzawa, yanzu yana 12.4.

Malam Habu
Madalla, kin ga magana ta fara fitowa. 48 ɗin, a ma'aunin wat-awa, shi ne abin da batirin yake ɗauka ranar da ya fito daga masana'anta, 31 shi ne abin da yake iya ɗauka yau. Wato kusan kashi 65 cikin ɗari ya rage masa. 12.4 kuwa wat ne, abin da kwamfutar take sha a daidai wannan lokacin. Raba 31 da 12.4, awa biyu da rabi cif. Batirinki bai yi miki ƙarya ba.

In kuwa da gaske kina samun awa huɗu a Windows da wannan batirin, to can wat takwas ba kaɗan take sha. Akwai wat huɗu da rabi da suke zurarewa wani wuri. Su za mu nemo.

Nura
Kuma TLP ne zai nemo su, Malam. Mun zaga mun dawo.

Malam Habu
Mai yiwuwa ne. Amma in ta sa ya gyaru, ba ta san me ya gyaru ba. In ta sa wani abu ya lalace, ba ta san me ya lalata shi ba. Kuma mu sauran ba mu ƙaru da komai ba.

Auwalu Mai Gyara
Ni kafin ku yi nisa bari in zuba muku ruwan sanyi. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe kwamfutoci a Beirut nan Kano. Wannan lambar da batir yake bayarwa ba ko da yaushe ake yarda da ita ba. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin batirin, ita ce take lissafi take gaya wa kwamfuta. Batirin canji da ake kawowa mai araha, wani zai ce maka yana da 48 alhali in ka farke shi ƙwayoyin ciki ko 30 ba su kai ba. Shi ne za ka ga kwamfuta tana kashi 40 ta ɗauke ɗif kamar an zare mata rai. Wani kuma energy-rate ɗinsa sifili yake nunawa har abada. Malama Sadiya, batirinki na asali ne ko an taɓa canzawa?

Sadiya Zariya
Ta hannu na saya, ban sani ba gaskiya. Amma ba ta ɗaukewa haka, tana sauka a hankali har kashi biyar.

Auwalu Mai Gyara
To da alama mai gaskiya ne.

Injiniya Bala
Na daɗe ina son a yi wannan maganar a gidan nan, to tunda Sadiya ta buɗe ƙofa bari in shigo da kayana duka. Shawarata ita ce kada a tsaya kan kwamfutarta ita kaɗai. Mu nan mun haura mutum ɗari, kowa da irin tasa, yawanci na hannu ne masu shekara shida zuwa goma. Mu haɗu mu auna, mu zuba a jadawali ɗaya. Ba sabon abu ba ne, haka aka yi ta gyara wannan matsalar a Linux tun asali.

Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna 2011. Kanel, wato zuciyar Linux, mai lamba 2.6.38 ya fito a watan Maris, Ubuntu 11.04, wani nau'in Linux, ta ɗauke shi, sai mutane suka fara kukan batir na ƙarewa da wuri kuma kwamfuta na zafi. Michael Larabel na shafin labaran Linux mai suna Phoronix ne ya zauna ya yi ta gwada kanel ɗaya bayan ɗaya yana auna wutar da ake sha, har ya kai ga ainihin canjin da ya jawo abin. Ashe batun ASPM ne, wato dabarar da take barin layukan PCI Express, masu haɗa na'urorin cikin kwamfuta, su yi gyangyaɗi in ba aiki. BIOS, wato manhajar da take fara tada kwamfuta, a kwamfutoci da yawa yana cewa ba ya goyon bayan ASPM alhali shi da kansa ya riga ya kunna shi. Sabon kanel ya ɗauki maganar BIOS da gaske, ya bi ya kashe. Wuta ta ƙaru. Mutane suka koma sa `pcie_aspm=force` da hannu, wasu ya yi musu, wasu kwamfutarsu ta riƙa sandarewa. Sai a Nuwamban shekarar Matthew Garrett ya kawo gyaran, kuma gyaran mai sauƙi ne: in BIOS ya ce kar a taɓa, to a bar shi yadda aka same shi. Ya shiga kanel 3.3.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Ubuntu suka yi bayan nan, lokacin shirin 12.04. Colin King na Canonical, kamfanin da yake yin Ubuntu, ya yi awo da mita ta gaske a kan kwamfutocin da yake da su, amma kwamfuta nawa mutum ɗaya zai mallaka? Sai suka fitar da kanel na gwaji suka ce jama'a kowa ya ɗora, ya auna, ya rubuta sunan kwamfutarsa da abin da ya gani. Ɗaya daga abubuwan da aka gwada shi ne RC6, barcin da sashen hoto na Intel yake yi in ba a amfani da shi. An san yana rage wuta sosai, amma an kashe shi saboda yana birkita allon wasu. Da aka bi rahotanni aka ga barcin mai zurfi ne yake kawo rikici, na farkon lafiya lau. 12.04 ta fito a Afrilun 2012 da RC6 a kunne ga masu furosesan Intel na Sandy Bridge. Wannan powerstat ɗin ma da wasunku suke auna shan wuta da shi, Colin King ne ya rubuta shi.

Kabiru
Injiniya tarihi ya yi daɗi, amma bari in faɗi abin da wasu suke tunani ba su faɗa ba. Wa zai kalli jadawalinmu? Masu rubuta kanel ɗin nan suna Turai da Amurka da wuta awa ashirin da huɗu, kwamfutocin bana suke gwadawa. Kwamfutar 2015 da aka sayo a kwali daga Legas, wa ya damu da ita? Mu ɓata dare muna awo, mu cinye cajin da muke tattali, a ƙarshe a ajiye a jadawali ya yi ƙura.

Injiniya Bala
Kabiru tambayarka a kan hanya take. Amsa biyu zan ba ka. Ta farko, ko ba wanda ya kalla a waje, mu zai yi wa amfani. Gobe wani ya zo da irin kwamfutar Sadiya, ba sai an sake zagaye ba.

Ta biyu, ba gaskiya ba ne cewa tsoffin ba su dame su ba, su ne ma suke hana su barci. Duba abin da Hans de Goede na kamfanin Red Hat ya yi a 2017. An daɗe da sanin cewa in aka bar layin SATA, wanda ma'ajiyar bayanai take jone da shi, ya yi barci ana samun sauƙin wuta, amma matakin barci mafi zurfi, min_power, ya yi ƙaurin suna wajen lalata bayanai a wasu ma'ajiyoyin SSD, shi ya sa ba wanda ya yarda ya kunna wa kowa da kowa. Ya ƙirƙiro mataki na tsakiya, med_power_with_dipm, wanda yake kwaikwayon abin da direban Intel yake yi a Windows, ya roƙi jama'a su gwada su gaya masa irin ma'ajiyarsu da abin da ya faru. Ya shiga kanel 4.15, Fedora 28, ita ma nau'in Linux ce, ta kunna shi a 2018, tare da barcin sashen sauti da na Bluetooth. Shi ya ƙiyasta SATA kaɗai wat ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Na'urorin da aka samu ba sa jurewa kuwa, sunayensu aka rubuta a cikin kanel ɗin kansa aka ce ban da waɗannan. Wannan jerin ba daga sama ya faɗo ba, daga rahoton mutane irinmu ne. SSD marar suna da ake sa mana a kasuwa, kana ganin akwai shi a teburin Hans de Goede?

Auwalu Mai Gyara
Wallahi babu. Wani ma ni da nake sayarwa ban san inda aka yi shi ba.

Kabiru
Na ji. Amma Turancin rubuta rahoto fa? Na taɓa gwadawa, suka dawo min da tambayoyi bakwai, na gudu.

Hajiya Rabi
Wannan ku bar min. Ku kawo sakamako da Hausa, wanda ya cancanci a tura zan rubuta shi. Amma da sharaɗi: wanda aka tura nasa ya tsaya kusa, don in suka ce a gwada wani kanel ba ni zan gwada ba, kwamfutar tana hannunsa. Rahoton da mai shi ya ɓace rufe shi ake yi.

Kuma ni ina da nawa dalilin. Kwamfutocin makarantarmu guda ashirin ne a kan sola. In aka rage wat uku a kowace, awa takwas a rana, wat-awa 480 ke nan. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 gaba ɗayansa wat-awa 1,200 ne, kuma irin namu na ruwa rabi ake so a ci. Kun ga wat ukun nan da ake rainawa ya kusa batir guda. Ku tambayi kuɗin batir yanzu.

Malam Habu
To in za a yi, a yi da ƙa'ida, in ba haka ba shirme za mu tara. Ni ga yadda nake gani. Kowa ya cika batir ya cire caja, ya bar ta minti biyar ta natsu, don lambar farko bayan cire caja ba ta da tabbas. Hasken allo a rabi. A rufe komai, a cire duk abin da ke jikin USB. A bar Wi-Fi a kunne. Sai a yi awo iri uku: tana zaune ba a taɓa ta minti goma, tana kunna bidiyo minti goma, sannan a rufe ta ta kwana a ga abin da ta ci. Kowane a maimaita sau uku. A rubuta irin kwamfuta, furosesa, kanel daga `uname -r`, da lafiyar batir.

Nura
Rabin haske a kwamfutata ba ɗaya ba ne da rabin haske a ta Sadiya. Allon wani yana da ƙarfi, na wani kamar fitilar kwai.

Malam Habu
Gaskiyarka, yau ka kama ni. Shi ya sa ba za mu gwada kwamfutarka da tata ba. Kowa da kansa zai yi tsere: kafin canji da bayan canji, haske ɗaya, wuri ɗaya. Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya. Kar wani ya kunna abu biyar ya zo ya ce ya samu sauƙi.

Issoufou Damagaram
Sannunku da aiki. Ina bin zancen tun safe. Ni tawa ba ta nuna power_now a cikin `/sys/class/power_supply/BAT0`, current_now da voltage_now kawai na gani. Na farko 820000, na biyu 11400000. Ko ba zan iya shiga ba?

Injiniya Bala
Za ka iya, Malam Issoufou. Batirinka da amfiya yake lissafi, ba da wat ba. Lambobin duka kashi ɗaya cikin miliyan ne, wato amfiya 0.82 da bolt 11.4. Ninka su, wat 9.3 da ɗan kai.

Issoufou Damagaram
Na gode. Sai kuma abu ɗaya da ba ku sa a ƙa'ida ba: zafi. Nan wurinmu a watan Afrilu ɗaki yana haura 40 da rana. Fanka ba ta tsayawa ko ba a aikin komai, kuma ita ma wuta take ci. Wanda ya auna da asuba da wanda ya auna da azahar ba za su samu abu ɗaya ba. Ina ganin wannan ne ma abin da mu za mu iya faɗa wa mutanen can wanda su ba su gani, don a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu.

Malam Habu
Wannan magana ce. A ƙara gurbi: lokacin awo, da ko fanka tana juyawa. Shi kansa furosesa in ya yi zafi ya fi zubar da wuta ko yana zaune.

Nura
Ni ina da 'yar mitar nan da ake sawa a soket. Ba ta fi wannan wahalar sauƙi ba?

Injiniya Bala
Tana da amfani, musamman ga masu batirin ƙarya da Auwalu ya faɗa. Amma ka sani tana haɗawa da asarar cajar kanta, wannan ɗumin da kake ji a jikin caja wuta ce. Kuma in batir bai cika ba tana haɗawa da cajin da yake sha. Babbar matsalar ita ce kwamfuta tana canza hali in ta ji caja, saitin tattalin da yawa sai a kan batir suke aiki. Sai ka auna wani abu daban da wanda muke nema.

Sadiya Zariya
Na dawo. Jiya da wuta ta zo na cika ta, yau na yi awon. Tana zaune: 9.1, 9.3, 9.0. Bidiyo a YouTube: 17 zuwa 18, fanka kamar injin markaɗe. Na buɗe powertop, manhajar da take nuna abin da yake shan wuta, kamar yadda Injiniya ya nuna min, a shafin Idle stats, ɓangaren Pkg, kusan duk lokacin a C2 da C3 yake. C6 da C7 sifili.

Injiniya Bala
Yawwa, ga ɓarawon nan ya leƙo. Waɗannan matakan barci ne na furosesa gaba ɗayansa. Ba ya iya nitsawa cikin barci mai nauyi sai duk maƙwabtansa sun yi shiru, ma'ajiya da katin Wi-Fi da sauransu. Ɗaya ya ƙi kwanciya, kowa ya kwana a zaune. Je shafin Tunables, za ki ga layuka an rubuta Bad. Kar ki juya su duka. Ɗaya bayan ɗaya, kina duba Pkg bayan kowane. Kuma kafin ki taɓa na SATA ki kwafe furojet ɗinki a filas.

Nura
Ko ta buga `powertop --auto-tune` ta huta.

Kabiru
Kar ki yi! Ni na yi shekaranjiya da wannan zancen ya ɗebe ni. Linzamina na USB ya koma sai na danna shi yake farkawa, in na bar shi daƙiƙa kaɗan ya sake sumewa. Sifika kuma tana wani ƙas duk lokacin da sauti zai fara. Na ɗauka na ƙona wani abu.

Malam Habu
Ba ka ƙona komai ba, kashe ka kunna duk za su koma, powertop ba ya ajiye canjin. Amma ka ga abin da ake faɗa. Wannan ƙas ɗin sashen sauti ne yake farkawa daga barci. Rubuta shi a jadawali da sunan katin sautinka, irin abin da Hajiya za ta iya turawa ne. Kai da ka ce ba wanda zai saurare mu, ga shi kai ka fara kawo kaya.

Kabiru
Malam ban tuba ba tukuna. Na rubuta dai.

Sadiya Zariya
Na bi su ɗaya ɗaya. Yawancinsu ban ga bambanci ba. Da na juya na wani abu mai suna card reader, ramin nan na katin kyamara da ban taɓa sa komai a ciki ba, sai C7 ya fara motsi. Yanzu tana zaune a 6.2, 6.4, 6.1. Wat uku a kan ramin da ko amfani da shi ba na yi!

Auwalu Mai Gyara
Ikon Allah. Ni da na sani da tuni na riƙa kashe shi a BIOS wa masu saye.

Injiniya Bala
Ba ramin ne yake cin wat ukun shi kaɗai ba, hana furosesa barci da yake yi ne ya jawo. Kuma Auwalu kar ka mai da shi doka, a tata ne muka gani, sai mun ga irinta biyu ko uku. Sadiya, turo abin da `lspci -nn` ya nuna a layin na'urar, lambobin nan na cikin baka su ne sunanta na gaskiya. Yanzu kuma Nura zai iya murna: ki sa TLP ko ki rubuta ƙa'idar udev guda ɗaya, wato umarnin da Linux zai bi duk lokacin da ya ga na'urar, don canjin ya zauna.

Nura
Alhamdulillah, an dawo gidana. Amma a kula, in akwai power-profiles-daemon a kwamfutar, shi ma na tattalin wuta ne, shi da TLP ba sa zama inuwa ɗaya, saiti ɗaya suke ja. A zaɓi ɗaya. Masu Fedora kuma tun daga Fedora 41 wata manhaja mai suna tuned ce take wannan aikin, kar su je suna neman abin da babu.

Hajiya Rabi
Saura bidiyon. 17 ya yi yawa.

Malam Habu
Wannan kusan na san shi tun kafin a duba. Sashen hoto yana da injin warware bidiyo na musamman mai cin wuta kaɗan. In burauza ba ta amfani da shi, furosesa ne yake ɗaukar kayan a ka. Ta sa intel-gpu-tools ta buɗe `intel_gpu_top` bidiyo na tafiya, in layin Video yana sifili to ba a amfani da shi. Sai a duba `vainfo`, a ga irin bidiyon da injin ya iya warwarewa. Amma akwai tarko: YouTube ya fi turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, tsoffin Intel kuwa H.264 suka iya da kyau. Ko direba yana nan daram, in bidiyon ya zo da yaren da injin bai iya ba, furosesa zai koma wa. Akwai ƙarin burauza da suke tilasta H.264.

Sadiya Zariya
Sifili ne kuwa. Zan gwada gobe, caji ya kai 20.

Ɗan Kumasi
Gaisuwa daga Zango. Na yi na kwana. Na rufe ta awa takwas, cajin ya sauka da wat-awa 6, a batir mai 40. Wato ina barci tana cin kusan kashi 15. Da na duba `/sys/power/mem_sleep` s2idle, wato barci mai sauƙi, shi ne zaɓaɓɓe a cikin baka, akwai deep, mai nauyin, a gefe. Na mayar deep, daren jiya 2 kawai ta ci. Sai dai da na buɗe da safe madannin taɓawa bai farka ba sai da na sake rufewa na buɗe.

Injiniya Bala
Rubuta duka biyun, ribar da matsalar. Ka yi sa'a ma kana da zaɓi, sababbin kwamfutoci da yawa an cire deep daga BIOS ɗinsu gaba ɗaya, s2idle kaɗai ne. Shi s2idle ba laifi ba ne in komai ya kwanta yadda ya kamata, amma irin matsalar Sadiya ce: na'ura ɗaya ta ƙi barci, batir ya tsiyaye a cikin jaka.

Nura
Tunda ana maganar tattali, kowa ya koma baƙin allo.

Malam Habu
A OLED ne wannan yake aiki, inda kowane ɗigo yake ba da haskensa. Allon LCD irin namu fitila ce a baya tana ci ko fari ko baƙi. Rage hasken shi ne magana. In ba ka yarda ba ga mita ga doki, auna ka kawo.

Hajiya Rabi
Ni wata tambaya ce ta dame ni, ba ta awo ba. GNOME 48, wani tsarin fuskar Linux, ya zo da wurin da za ka ce batir ya tsaya a kashi 80 don ya daɗe bai tsufa ba, in kwamfutar tana goyon baya. Na kunna wa na makaranta tunda kullum suna jone. Amma tawa ta gida na kasa. Wutar da ban san yaushe za ta dawo ba, in bar kashi 20 a soket?

Auwalu Mai Gyara
Hajiya ni ina ganin gawar batir kullum. Abin da yake kashe su nan biyu ne: zafi, da zama a cike a cikin zafin. Kwamfuta a kan katifa, a jone, watan azumin bazara. Wata shida ya kumbura ya ɗaga madannai. In kina da sola a gida ki tsayar a 80. In ba ki da ita ki cika abinki, amma ki ɗaga ta daga kan katifa.

Kabiru
Wanda ya ƙirƙiro 80 ɗin nan bai taɓa zama kwana tara ba wuta ba, kamar yadda muka yi a Oktoban 2024.

Issoufou Damagaram
Na sa nawa a jadawali. Da asuba 8.1, da azahar 9.4, komai ɗaya ban canza ba. Sau uku-uku.

Malam Habu
Wannan layin ya fi min duk sauran daɗi. Wa zai maimaita a wani gari mu gani ko haka ne? Mutanen Sakkwato da Maiduguri kuna ina?

Injiniya Bala
Yanzu layi goma sha huɗu ne a jadawalin. Uku na sa musu alamar tambaya. Biyu ba su rubuta kanel ba. Na ukun na Nura ne: wat 2.1 tana zaune, a kwamfutar 2014 mai allo inci sha biyar.

Nura
Abin da ta nuna ke nan, Injiniya. TLP ne.

Auwalu Mai Gyara
Nura, batirin nan ba ni na sa maka shi bara ba?

Nura
Kai ne.

Auwalu Mai Gyara
To cire layin. Ka kawo mitar soket ɗinka shago gobe bayan la'asar, mu zare batirin mu auna ta a kan caja.

Hajiya Rabi
Kafin kowa ya ƙara turo hoton taminal, a goge lambar siriyal da sunan Wi-Fi na gida, na ga biyu sun bari. Sadiya, ina jiran layin lspci ɗin nan da sakamakon bidiyo, da naki zan fara. Kabiru, kai ma sunan katin sautin bai cika ba.

Sadiya Zariya
Na tilasta H.264, layin Video ya tashi, bidiyo ya sauko 10.5 kuma fanka ta yi shiru. Sau biyu na auna, na ukun sai an kawo wuta. Ga layin lspci ɗin na tura miki ta akwati, Hajiya.